Sarƙa a Ƙafar Mota: Iska Nawa Taya Ke Buƙata a Taɓo da Dusar Ƙanƙara?

A ranar 6 ga Fabrairun 2018 dusar ƙanƙara ta binne jihar Fukui da ke gaɓar tekun yammacin Japan, irin wadda rabon mutanen wurin da ita tun 1981. A cikin birnin Fukui tudunta ya kai santimita 147, ya kusa kai wa babban mutum kafaɗa. A kan babbar hanya mai lamba 8 wasu manyan motoci suka kafe, na bayansu suka tsaya, na can baya ma haka, har motoci kusan 1,500 suka yi cirko-cirko a layin da ya kai kilomita 10. Sai da aka turo sojoji da shebur, kuma hanyar ba ta buɗe ba sai ranar 9 ga wata. Kafin shekarar ta fita gwamnatin Japan ta kawo sabuwar doka da sabon allon hanya, shuɗi, mai hoton taya sanye da sarƙa. A wurare 13 da aka ware, da zarar an ayyana dokar, ko tayar hunturu mafi tsada ce a ƙafar motarka ba za ka wuce ba sai ka ɗaura sarƙa.

Ba Japan kaɗai ba ce, wasu ƙasashe masu duwatsu da sanyi ma suna da irin wannan tsari. A Ostiriya, duk babbar motar da ta haura tan 3.5 dole ta riƙe sarƙa daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu. Faransa, tun daga 2021, ta wajabta wa masu shiga yankunan tsaunukanta tayar hunturu ko riƙe sarƙa a mota daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. A jihar Kolorado ta Amurka direbobin tirela da ke ratsa duwatsu ta babbar hanya mai lamba 70 suna ɗauke da sarƙa tun daga 1 ga Satumba har ƙarshen Mayu. Jamus kuwa ta ƙayyade gudu: mai sarƙa a ƙafa ba ya wuce kilomita 50 a awa, ko da hanya ta yi kyau.

Allon hanya yana gaya wa direba inda zai ɗaura da lokacin da zai ɗaura. Abin da ba ya gaya masa shi ne iskar da ya kamata ta kasance a cikin tayar da za a ɗaura wa sarƙar. A nan gardama take, kuma gardama ce da ta shafe mu, duk da cewa dusar ƙanƙara ba ta sauka a Kano ko Damagaram. Sarƙar taya tun asalinta kayan taɓo ce kamar yadda take kayan ƙanƙara, taɓo kuwa muna da shi duk damina. Sannan direbanmu ya gaji wani ilimi na gaskiya game da iskar taya, wanda ya ceci rayuka a hamada, amma idan aka ɗauke shi ɗungurungum aka haɗa da sarƙa sai ya zama hanyar ɓarna. Ga kuma 'ya'yanmu da karatu ko neman abinci ya kai su Kanada da Turkiyya da Rasha, waɗanda hunturun farko ke samu da mota a hannu da shawarar gida a ka.

Ilimin da nake nufi shi ne na masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma. Da zarar Hilux ko Land Cruiser ta bar ƙasa mai ƙarfi ta fuskanci rairayin Tenere, direba zai tsaya, yaron mota ya zagaya ƙafafu huɗu yana danna bawul. Tayar da ke kan kwalta da kilo biyu da rabi, kamar yadda ake faɗa a Nijar, sai a sauke ta zuwa kilo ɗaya da ɗan wani abu, wani lokaci ƙasa da haka idan yashin ya yi laushi ƙwarai. Motar da ta tona rami ta zauna a kan cikinta, ana sassauta mata iska sai ka ga ta taso ta wuce. Duk wanda ya taɓa ganin haka da idonsa ba za a iya raba shi da imanin cewa maganin kafewa shi ne rage iska ba, kuma yana da hujjarsa.

Hujjar tana cikin lissafi mai sauƙi. Iskar da ke cikin taya ita ke ɗauke da mota, robar kuwa riƙe iskar take yi. Idan ƙafa ɗaya tana ɗauke da kilo 500 kuma iskar cikinta 2.5 ce a ma'aunin da ake kira "ba", kilon nan na Nijar, wato kimanin 36 a gejin masu facin Najeriya, to faɗin inda tayar ta taɓa ƙasa bai wuce murabba'in santimita 200 ba. A sauke iskar zuwa rabi, wurin takawar ya kusa ninkawa, kuma tsawo yake ƙarawa fiye da faɗi. Nauyi ɗaya ne, amma ya bazu, don haka kowane ɗan yanki na ƙasa ya sami sauƙin kaya. Lissafin na kusa-kusa ne, tunda jikin tayar ma yana tallafa wani abu, amma ya isa a gane manufa. Tayar da aka rage wa iska tafin raƙumi ce: tana bajewa ta hau kan yashi ba ta nutse ba. Kowa kuma ya san halin raƙumi idan ya taka jiƙaƙƙen yumɓu, ƙafar nan da ta ƙware a rairayi ita ce ke tsage shi.

Mutanen Aisilan sun kai wannan dabara ƙarshenta. Motocin da suke hawa tsaunukan ƙanƙara da su, irin su Batnayokul, ana sa musu tayoyi masu tsawon inci 38 ko 44, a sauke iskarsu zuwa 3 ko 4 a geji, abin da mai faci zai rantse cewa taya ta sace. A ƙarƙashinsu dusa ce mai zurfin da ba a isa gindinta, saboda haka dabara ɗaya ta rage, a yi iyo a samanta. Kamfanin Arctic Trucks na ƙasar shi ya gyara motocin Hilux da suka isa yankin maganaɗisun arewacin duniya a 2007 cikin wani shirin talabijin na BBC, da irin waɗannan manyan tayoyi. Sojoji ma sun san haka tun tuni. Motar DUKW ta Amurka, mai shiga ruwa ta fito tudu, a Yaƙin Duniya na Biyu aka sa mata na'urar da direba ke ƙara ko rage iska yana zaune a kujerarsa. Rashawa, waɗanda taɓon ƙasarsu ya riƙe sojojin Jamus a hanyar Mosko cikin Oktoban 1941, sun sa irin wannan na'ura a gingimarinsu ZIL-157 da ta fito a 1958.

Sarƙa aikinta daban. A 1904 wani mutum mai suna Harry Weed, a garin Kanastota na jihar Niyok, ya yi rajistar sarƙar da ake naɗa wa tayar mota. A wannan shekarar ce aka yi ƙidayar hanyoyin karkarar Amurka ta farko, aka tarar cewa cikin mil miliyan biyu da ɗoriya kashi 7 cikin 100 kaɗai aka yi wa wani shimfiɗi, ko da na tsakuwa ne. Sauran duk ƙasa ce, ruwa na sauka ta zama caɓi. Kafin Weed, igiya direbobi ke naɗawa a taya, ta yi ɗan aiki ta tsinke. Shi ya musanya igiya da ƙarfe. Abin da ƙarfen ke yi shi ne tattara nauyin mota a kan 'yan ƙananan zobba, su huda abin da ke sama mai santsi, su kama abin da ke ƙasa mai ƙarfi. Rage iska baza nauyi yake yi don kada a huda ƙasa, sarƙa kuwa tattara shi take yi don a huda. Direban da ya haɗa su biyun ya sa hannu ɗaya yana warware abin da ɗayan ke ƙullawa. Taya mai laushi takan lanƙwashe ta rungume zobban, su lume cikin roba maimakon su lume cikin ƙanƙara.

Da asarar kamun ƙasa ce kaɗai da da sauƙi. Matsalar da ta fi girma tana gefen taya. Ana ƙera sarƙa ne daidai da lambar da ke jikin tayar, 205/55 R16 ko 265/65 R17 ko 7.50 R16, kuma ana auna ta a kan taya mai cikakkiyar iska. Tayar zamani tana da ɗamarar waya a ƙarƙashin zanenta, wadda tsawonta ba ya canzawa ko an rage iska. Abin da ke canzawa shi ne kuncin tayar. Duk lokacin da wani ɓangare ya zo ƙasa sai kuncin ya kumburo waje, idan ya tashi ya koma. Sarƙar gefe da ƙugiyoyinta a daidai nan suke zaune. Kowane juyi kuncin zai tunkuɗe su, ya ja sarƙar ta ɗame, sannan ya sake ta ta yi sako-sako. Kuncin nan kuma shi ne wuri mafi siranta a jikin taya, babu ɗamarar waya a cikinsa, kuma yankan da ya same shi ba ya facuwa faci na aminci.

A duba abin da gudu ke ƙarawa. Tayar Hilux, a kilomita 50 a awa, tana juyawa kusan sau 6 a daƙiƙa guda. A wannan gudu ƙarfin da ke jefa sarƙa waje ya kai ninki 50 na nauyinta, ma'ana guntun da bai wuce giram 100 ba yana fizga kamar kilo 5. A kilomita 80 abin ya haura ninki 120. Sarƙar da ta zauna daram a kan cikakkiyar taya tana jure wannan. Wadda ta sami sarari tana tashi daga jikin tayar ta riƙa dukan duk abin da ke kusa: madigadi, shokazoba, wayar na'urar hana birki kullewa, da kuma tiyon man birki. A ƙananan motocin zamani wurin ya matse ƙwarai. Ma'aunin da injiniyoyin Amurka suka tsayar wa sarƙar irin waɗannan motoci ya ɗauka cewa sararin da ke gefen taya milimita 15 ne kacal, na samanta 37. Kuncin da ya kumbura ya cinye wani abu daga cikin 15 ɗin nan tun kafin mota ta motsa. Mutumin da tiyon birkinsa ya tsinke a gangarar da ta sa shi ɗaura sarƙa tun farko, ba sai an faɗi halin da ya shiga ba.

Akwai na uku, shi ne rabuwar taya da wili. Iska ce ke danne bakin tayar a jikin ƙarfe. Idan ta yi ƙasa sosai, sarƙa kuma ta cafki dutse ko saiwa farat ɗaya, wilin na iya juyawa a cikin tayar. Mai tif, bawul ɗinsa ya tsinke nan take. Marar tif, bakin tayar ya zame a kwana, sauran iskar ta fice gaba ɗaya, a tsakiyar taɓo, inda jak ba shi da wurin tsayawa.

Shi ya sa takardar da ke cikin jakar sarƙa da littafin mota suke faɗar abu guda: a bar taya a kan iskar da kamfanin motar ya rubuta. Lambar tana manne a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, kuma ga yawancin ƙananan motoci tana tsakanin 30 da 35 a geji. Akwai wata tsohuwar dabara da har yanzu ake koya wa yaran mota, cewa a sace taya kaɗan, a ɗaura sarƙa, sannan a buga iska don ta ɗame. Kamfanonin sarƙar mota suna hana wannan ƙarara. Ɗamewar da iska ke yi ba ta da ma'auni, tana iya wuce abin da hannu zai taɓa yi, zobba su nutse cikin zane da kunci, su zauna wuri guda suna ci. Sarƙa tana son ta kama jiki, amma da ɗan sararin da za ta riƙa gusawa a hankali, kada ƙarfe ya dawwama a kan gurbi ɗaya. Hanyar da ta dace ta fi cin lokaci: a ɗaura, a ja mota 'yan mitoci ɗari, a sauko a sake ɗamewa, domin sai ta yi tafiya take daidaita zamanta. Masu injinan sare itace a dazukan Finlan da Suwidin, waɗanda sarƙa ke ƙafarsu wata da watanni, ƙara iska ma suke yi idan za su ɗaura, don kare kuncin tayoyin da kowace ɗaya kuɗinta ya isa sayen ƙaramar mota ta hannu.

Sanyi kansa ɓarawon iska ne, kuma wannan shi ke kama baƙo. Duk saukar digiri 10 a ma'aunin zafi, taya na rasa kimanin ba 0.1, wato ɗaya da rabi a geji. Wanda ya auna tayarsa 32 a cikin gareji mai ɗumi na digiri 20, ya fita cikin sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri, gejinsa zai nuna kusan 27 ba tare da ƙusa ta taɓa shi ba. Ya riga ya rage iska bai sani ba. Idan ya ƙara da danna bawul saboda ya ji an ce haka ake yi, ya faɗa inda muka bayyana. Kamfanin Nokian na Finlan, wanda ya yi suna a tayar hunturu, shawararsa ita ce a ƙara ba 0.2 a kan iskar bazara. A kan kwalta mai daskararriyar dusa ana son taya ta yanka ta isa ƙasa. Masu tseren mota a dazukan Suwidin siraran tayoyi masu ƙusoshi suke sawa saboda wannan dalili. Kuma da sanyin taya ake aunawa. Wadda ta yi tafiya ta ɗumama takan nuna ƙarin 3 ko 4, wanda ba ƙari ne na gaskiya ba, duk wanda ya sauke shi zai wayi gari da taya mai yunwa.

Mu dawo taɓo, inda maganar ta fi shafar mu kuma ta fi wuya, domin taɓo ba iri ɗaya ba ne. Tambayar da direba zai yi kafin ya taɓa bawul ko ya kwance jakar sarƙa ita ce: akwai ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashin wannan caɓin, kuma a wane zurfi? Amsar ba ta buƙatar na'ura. Sanda ce, da yardar mutum ya sauko ya ɓata ƙafarsa.

A tsaunin Mambila na jihar Taraba, bayan an haye daga Mayo Selbe an bi ta Maisamari da Nguroje zuwa Gembu, hanyoyin da ke ratsewa zuwa ƙauyuka da rugage jar ƙasa ce mai yumɓu a kan tudu da gangara, a tsayin mita 1,500 zuwa sama, inda damina ke daɗewa fiye da ko'ina a Arewa. Ba banza ba tsofaffin Land Rover suka ƙi mutuwa a can. Idan ruwa ya sauka, saman hanyar ne ke narkewa, ɗan kaurin yatsu biyu ko uku, ƙarƙashinsa kuwa na nan da ƙarfinsa. Yumɓun ya cike zanen taya ya mai da ita kamar suɗaɗɗiya, mota ta riƙa tafiya a karkace, birki ya zama ba shi da amfani. Mota ba ta nutsewa a irin wannan wuri, zamewa take yi, kuma abin da ke gefen hanya sau da yawa kwazazzabo ne. Wannan shi ne ainihin gidan sarƙa, ɗan'uwan ƙanƙarar kwalta ne ta kowace fuska, kuma hukuncinsu ɗaya: cikakkiyar iska, sarƙa a ƙafafun da ke jan mota, giya ta ƙasa, tafiya a hankali. Ƙaramar mota mai jan gaba, a gaba ake sa mata. Mai jan baya, a baya. Mai jan ƙafa huɗu a duba littafinta, da yawa daga cikinsu baya suka ce, saboda gaba babu sarari kusa da sitiyari da birki. Wani abin lura ga mai hawa tsaunin: tsayi yana sa geji ya nuna ƙari kaɗan tunda iskar waje ta yi sauƙi, sanyi kuma yana rage kusan daidai wannan, don haka tayar da aka cika daidai a Serti ba ta buƙatar gyara a Gembu.

Baƙar lakar firgi ta gabashin Barno, ta wajen Dikwa da Marte da Ngala, inda ake dasa masakwa bayan ruwa ya janye, wani abu ne daban. Irinta ce a filayen Gadarif na Sudan da kewayen tafkin Chadi. Da rani ta bushe ta tsattsage, da damina ta sha ruwa ta kumbura, ta zama ba ta da gindi da ƙafar mota za ta iya isa. A nan sarƙa shebur ce. Kowane juyi tana kwashe laka daga ƙarƙashin taya ta watsa baya, kafin direba ya ankara bakasil ya zauna a ƙasa, ƙafafu suna juyawa a banza. Motar da ta kafe da sarƙa ta fi wuyar fitarwa, domin ta tona wa kanta rami mai zurfi. Idan akwai abin da zai taimaka a irin wannan wuri to ilimin hamada ne, a rage iska a haye a hankali ba tare da an bar taya ta yi ta juyawa wuri ɗaya ba. Sau da yawa ma babu abin da ke taimakawa sai haƙuri. Tsofaffin direbobin yankin sun san watannin da ba a shiga, kuma ina ganin wannan sani ya fi kowace sarƙa daraja.

Tsakanin waɗannan biyun akwai hanyoyi masu yawa da ba su bayyana kansu ba, nan ƙarfi, can lumtsi, kamar burjin da manyan motoci suka farfasa cikin marka. Masu yawon daji da motoci masu jan ƙafa huɗu sukan ce su suna rage iska kaɗan ko da sarƙa a ƙafa, kuma ba su ga illa ba. Ban ƙaryata su ba, amma a dubi yanayinsu: tayoyi masu kaurin kunci, mota ba kaya, sarari isasshe a ƙarƙashin madigadi, gudu bai fi na mai tafiya a ƙasa ba. Wanda ya ga dole ya bi su, to ya fara rage iskar, ragi kaɗan, sannan ya ɗaura sarƙar a kan tayar yadda take, ya riƙa saukowa yana dubawa. Kada ya ɗaura sannan ya sace, kuma kada ya buga iska sarƙa na jiki. Ga a-kori-kurar da ta ɗauko buhunan masara har sama da kanta, da mutane a kan buhunan, ba na ganin akwai wurin wannan sassauci ko kaɗan. Kaya na ƙaruwa, buƙatar iska na ƙaruwa. Babbar mota mai tagwayen tayoyi a baya kuwa, idan iskarsu ta ragu kuncinsu haɗuwa yake yi, sarƙar da ta ratsa tsakaninsu ta riƙa cin duka biyun lokaci guda.

Duk wannan bayani ya rataya ne a kan abu ɗaya da muka fi sakaci da shi, wato sanin iskar da ke cikin tayar tun farko. A bakin tasha mai faci zai tambaya, "Nawa zan ba ta, maigida?" Amsar da ya fi ji ita ce, "Cika ta kawai." Sai a buga wa ƙaramar mota 45 ko 50, a ƙwanƙwasa ta da ƙarfe a ji amo, a ce ta yi. Wasu lambar da ke jikin tayar suke karantawa, alhali ita iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke so ba. Don haka idan na ce sarƙa na son cikakkiyar taya, ba wannan cikar nake nufi ba. Tayar da ta yi tauri fiye da kima tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, tana tsalle a kan zobban sarƙa, kowane dukan dutse yana tafiya kai tsaye cikin ƙarfen har ya karye. Direban da ke kan 50, idan ya sauko zuwa 33 da ke rubuce a ƙofarsa, zai ga motar ta ƙara kama ƙasa, ya tafi yana cewa rage iska ya yi masa magani, alhali komawa daidai ya yi. Ina zargin wani kaso na imanin da ake da shi kan rage iska a taɓo daga nan ya samo tushe. Gejin mai faci kuma yana shan faɗuwa da ƙura, yana iya yin ƙarya da 5 ko fiye. Geji na aljihu da famfo, ko na ƙafa ne, kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ta hannu ba, kuma bai kamata motar da ke shiga daji ta fita babu su ba.

Sai maganar cirewa, wadda gajiya ke sa a jinkirta. Da zarar an taka kwalta ko busasshen burji, sarƙa ta zama abokiyar gaba: tana rage kamun birki, tana cinye kanta, tana farfasa hanyar da jama'a za su bi gobe. A jiƙaƙƙiyar hanyar ƙasa ma ɓarnar babbar mota mai sarƙa ba kaɗan ba ce, ramin da ta tona da daddare shi zai riƙe motar marar lafiya da safe. Kamaru da Chadi suna da shingen ruwan sama a hanyoyinsu na ƙasa, inda ake tsare manyan motoci har hanya ta sha iska, kuma tsari ne da ya cancanci ƙananan hukumominmu su duba. Sarƙar da aka cire a wanke ta, a shanya, a duba zobban da suka sirance, a gyara kafin a mayar cikin jaka.

Wanda kuwa ya rage iska don haye yashi ko laka, aikinsa bai ƙare ba sai ya mayar da ita kafin ya ɗauki gudu. Taya mai ƙarancin iska a kan kwalta tana lanƙwasa sau ɗaruruwa a minti, zafi ya taru a kuncinta, zaren ciki ya fara rabuwa da roba. Daga waje ba a ganin komai, tana iya yin mako ko wata kafin ta fashe. Idan aka kai ta wurin mai faci ya raba ta da wili, a leƙa cikinta. In an ga baƙin garin roba ya taru, ko wani zobe mai duhu ya zagaye kuncin ta ciki, tayar ta riga ta ƙone, ko da zanenta sabo ne. Irin wannan ba a mayar da ita ƙafar gaba, ba a kuma ɗaura mata sarƙa.